Kama da Wane Ba Ta Wane: Yadda Ake Gane Dangantakar Harsuna

Sau da yawa idan aka ji harsuna biyu sun yi tarayya a wasu kalmomi, ko kuma masu magana da su suna zaune wuri ɗaya, sai a yanke hukuncin cewa asalinsu ɗaya. Masana kimiyyar harshe ba su yarda da irin wannan gaggawa ba. Suna da ma'aunin da suke bi, kuma za a fi fahimtarsa idan aka fara da wasu harsuna biyu na nahiyar Asiya, sannan a dawo gida arewacin Zamfara.

Mongol da Bama

Ƙasar Mongoliya tana tsakanin Rasha da Sin, ita kuwa Bama, wadda aka sauya wa suna zuwa Miyanma a 1989, tana kudu, maƙwabciyar Indiya da Sin. Harsunan ƙasashen biyu suna da kama ta fuskar ginin jimla. Dukkansu suna ajiye aikatau a ƙarshe, wato inda Bahaushe zai ce "yaro ya sha nono", su tsarinsu shi ne "yaro nono ya sha". Haka kuma abin da Hausa ke sa wa a gaban suna, kamar "cikin gida", su a bayan sunan suke sa shi. Daɗin daɗawa, addinin Buda ya yi ƙarfi a ƙasashen biyu, kuma tarihi ya taɓa haɗa su, domin rundunar Mongol ta gwabza da daular Pagan ta Bama a 1277.

Duk da haka babu dangantaka tsakaninsu. Hujja tana cikin kalmomin yau da kullum, waɗanda ba a cika aro ba. A harshen Bama, "ni" da "kifi" da "biyar" duk nga ake cewa, sai dai karin sauti ya raba ta farko da sauran biyun. A rubutaccen harshen Tibet kalmomin uku su ne nga da nya da lnga. A harshen Mongol kuwa bi da zagas da tav ake cewa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa aka ɗora Bama a iyali ɗaya da Tibet da Sinanci, aka bar Mongol a nasa iyalin. Bama na amfani da karin sauti wajen bambanta ma'ana, kamar yadda Hausa ke raba kukan yaro da kukar miya. Mongol ba shi da wannan. Abin da yake da shi shi ne jituwar wasula, inda wasalin ɗafi yake bin wasalin tushen kalma.

Rubutu ma ba shaida ba ne. Tsohon rubutun Mongol, wanda ake yi daga sama zuwa ƙasa, an aro shi daga Uigur a zamanin Cingis Han, kuma salsalarsa tana komawa ga rubutun Aramiyanci, inda rubutun Larabci ya samo asali. Ke nan ajamin Hausa da rubutun Mongol kakansu ɗaya, alhali harsunan ba su haɗa komai ba.

Hausa da Fulatanci

Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ta daɗe da yin suna wajen haɗa Hausawa da Fulani da Buzaye. Wanda aka tambaya wanne ne ɗan'uwan Hausa tsakanin Fulatanci da Buzanci, mai yiwuwa ya zaɓi Fulatanci, kuma yana da abin kafa hujja. Harsunan biyu suna sa aikatau a tsakiyar jimla, suna da baƙaƙen ɓ da ɗ, kuma Hausa ta ari kawu da baffa da goggo daga Fulatanci.

Amma idan aka auna su da ma'aunin da aka auna Mongol da Bama, sai lamarin ya sauya. Bahaushe na ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Bafulatani na cewa go'o, ɗiɗi, tati, nayi, jowi. Hausa ta raba sunaye zuwa jinsin namiji da na mace. Fulatanci bai san wannan rabo ba. Yana da rukunonin suna fiye da 20, kuma baƙin farkon kalma yakan sauya a jam'i, kamar Pullo da Fulɓe, gorko da worɓe. 'Yan'uwansa na kusa suna can Senegal, wato Serer da Wolof.

Buzanci kuwa, wanda kunnen Bahaushe ke ji baƙo ƙwarai, dangin Hausa ne na nesa. A cikinsa dattijo amghar ne, dattijuwa tamghart. Wannan t ta mace ita ce ke cikin "ta zo" da "tana zuwa", ita ce kuma ke raba yaktubu da taktubu a Larabci. Haka "gidanka" da "gidanki" suka yi daidai da baituka da baituki. Irin waɗannan ƙananan sassa na nahawu gado ne, ba kamar littafi da alƙalami ba, waɗanda aro ne daga Larabci, ko takobi, wanda aro ne daga Buzanci. A 1963 masani Joseph Greenberg ya tsara harsunan Afirka, ya sa Hausa a reshen Cadi na iyalin Afro-Asiya, tare da Bole da Ngizim da Angas, Fulatanci kuwa a iyalin Nijar-Kongo.

Gwaji a cikin aji

Babbar shaidar dangantaka ita ce sauyin sauti mai bin ƙa'ida, kuma ɗalibin Ƙauran Namoda ko Zurmi na iya ganin ta a bakin dattawan gidansu. Inda Bakano zai ce zauna, sauka, aure, auduga, mutumin yamma yakan ce zamna, sabka, amre, abduga. Ƙa'idar ita ce baƙin leɓe a ƙarshen gaɓa ya koma u a Kananci, Hausar yamma ta riƙe tsohon lafazi. Bajamushe August Klingenheben ne ya bayyana wannan a shekarun 1920. Malami zai iya sa ɗalibai su jera kalmomi 50 na sassan jiki da ƙirga da dangi a Zamfarci da Kananci da Fulatanci, su nemo ƙa'idar da kansu. Tsakanin biyun farko za su same ta, tsakaninsu da na uku ba za su samu ba.

Abin lura

Wajibi ne a kiyaye da cewa iyalin harshe ba iyalin jini ba ne. Namoda, wanda garin Ƙaura ke ɗauke da sunansa, Bafulatani ne daga Alibawa, zuriyar da ta kafa sarautar Zurmi a zamanin jihadi, kuma a yau jikokinsu da Hausa suke tashi. Mutum yakan sauya harshe cikin tsara biyu ko uku, ta hanyar auratayya da kasuwa da makaranta. A yankin da rikici ya raba ƙauye da ruga tun wajen 2011, bai kamata a ɗauki bambancin harsunan nan a matsayin hujjar rabuwar mutanen ba. Hausa da Fulatanci ba su fito tsatso ɗaya ba, amma kalmar da yaron Bahaushe ke kiran ɗan'uwan mahaifiyarsa da ita daga ruga ta zo.