Idan Hitar Mota Ta Ƙi Mutuwa

A hutun da ya wuce hitar tsohuwar motar yayana ta gasa mu a cunkoson Legas. Mun kashe ta, amma zafi bai daina hurowa ba. Abin da na koya a gareji shi nake son in bayyana wa mai karatu.

Ruwan da ke sanyaya inji, wanda zafinsa kan kai digiri 90, shi ke bi ta wani ƙaramin lagireto a bayan dashbod, fanka kuma ta huro ɗuminsa cikin mota. Saboda haka tambayar farko ita ce: fankar ce ta ƙi tsayawa, ko kuwa zafin ne?

Idan fanka ce, matsalar ta lantarki ce, galibi rile ne ya maƙale. A zare fis ɗinta, in ba haka ba tana iya shanye batir kafin gari ya waye. Idan kuwa fanka na tsayawa amma iskar ba ta yin sanyi, sai a duba bawul ɗin da ke tare ruwan zafi, ko 'yar ƙofar da ke raba iska mai zafi da mai sanyi. Mu wayar da ke jan bawul ce ta zame.

Wasu makanikai kan cire tiyo biyun su haɗe su, ruwa ya daina shiga hitar. Dabarar tana ci, amma ni ba ta kwanta mini ba, domin ranar da gilashi ya yi hazo da damina za a nemi ɗumin nan a rasa. Kada dai a taɓa tiyo sai inji ya huce, ruwan yana sale fata.