Ɗan Jagora a Cikin Waya: Makafin Droum da Ƙofar Intanet

Duk wanda ya taɓa riƙe ƙaramar salula mai maɓallai, in ya shafa lamba 5 zai ji ɗan tsini kamar ƙwayar gero. Yawancinmu ba mu taɓa tambayar amfaninsa ba. Ga makaho kuwa, wannan ɗan tsinin ɗan jagora ne. Da zarar ya ɗora babban yatsa a kansa, ya san 2 tana sama, 8 tana ƙasa, 4 a hagu, 6 a dama. Da haka dattijo a Droum yake kiran ɗansa da ya tafi ci-rani Agadas ko Kano, ba tare da ya roƙi kowa ba.

Ranar da ɗan ya turo kuɗi, nan labari ke canzawa. Waya ta yi ƙara, saƙo ya sauka, amma ba ta faɗin abin da ke ciki. Sai a ƙwala wa yaro kira: "Zo nan, ɗana, duba mini." Yaron ya duba, in ya yi lakkwal, ya ce, "Baba, jika goma ce." Wajen cirewa kuma sai an bi zaɓi ɗaya bayan ɗaya a kan allo, kuma in aka yi jinkiri layin ya katse. Ƙarshenta dattijo ya raɗa wa yaro lambar sirrinsa, yaro ya danna a gaban mai shago. Lambar da mutum uku suka sani ai ta tashi daga sirri.

Droum tana cikin gundumar Mirya, kudu da birnin Damagaram, kuma wannan yanki ya daɗe da sanin ciwon ido. Amodari, wanda ke juya gashin ido ciki yana gogar ƙwayar ido har gani ya tafi, ya yi ɓarna a jihohin Damagaram, Maraɗi da Difa. Tun ƙarshen shekarun 1990 gwamnatin Nijar da ƙungiyoyi irin su Cibiyar Carter da Helen Keller suke rabon magani, suna gina masai, suna yi wa mutane aikin fatar ido. An samu sauƙi sosai, sai dai wanda ganinsa ya riga ya tafi ba ya dawowa, ga kuma yanar ido da hawan jinin ido suna ƙara yawan masu lalurar. Ƙasar Hausa ba ta taɓa ɗaukar makafi a matsayin mutanen da ba su da murya ba. A manyan garuruwa akwai Sarkin Makafi mai shugabantar jama'arsa, akwai alarammomi makafi da suka haddace izu sittin da kunne kawai. Tambayar ita ce, yanzu da kasuwa da ofis suka fara ƙaura zuwa cikin waya, wa ya tanadar musu wurin zama?

Wasu ƙasashe sun riga mu shan wannan ruwa, kuma tarihinsu yana da abin mamaki: farkon intanet ya fi sauƙi ga makaho. A shekarun 1980 allon yawancin kwamfutoci rubutu ne zalla, layi bayan layi. A 1986 Jim Thatcher na kamfanin IBM ya fito da manhajar da ke karanta abin da ke kan allo da murya. A 1989 Ted Henter, tsohon ɗan tseren babur da ya makance a haɗarin mota, ya fitar da tasa mai suna JAWS. Da irin waɗannan, makaho a Amurka yana karanta wasiƙunsa da jaridarsa a lokaci guda da mai gani, abin da rubutun makafi na Louis Braille, duk da darajarsa tun 1829, bai iya yi masa ba, domin kafin a buga littafi da ɗigo-ɗigo labari ya tsufa. Ko manhajar Lynx ta shiga shafukan intanet, wadda aka yi a Jami'ar Kansas a 1992, rubutu kawai take nunawa.

Sai hotuna suka shigo. A 1993 manhajar Mosaic ta haɗa hoto da rubutu a shafi ɗaya, masu gani suka yi murna, masu tsara shafuka suka shiga maye gurbin kalmomi da zane. Inda a da aka rubuta "aika", sai aka sa hoton kibiya. Na'ura mai karantawa ba ta san kibiya ba, iyakarta ta ce "hoto". Ƙofar da ta buɗe sai ta koma ta rufe, ba don wani ya ƙi jinin makafi ba, sai don babu makaho ko ɗaya a ɗakin da ake zanen.

Makafin ba su zauna jiran tausayi ba. A watan Nuwamba na 1999 Ƙungiyar Makafi ta Ƙasa a Amurka ta kai kamfanin America Online kotu a Boston, tana cewa manhajarsa cike take da hotuna marasa suna da wuraren da ba a isa gare su sai da linzamin kwamfuta. A Yulin 2000 aka sasanta, kamfanin ya amince zai gyara. A 1999 kuma wani makaho ɗan Ostireliya, Bruce Maguire, ya yi ƙarar masu shirya gasar Olamfik ta Sidni kan shafinsu. Suka ce gyaran zai ci lokaci da kuɗi masu yawa, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta ƙi yarda, daga baya ta ce a biya shi dalar Ostireliya 20,000. In ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, to dutse ya taka. Dutsen da suka taka shi ne doka, da kuma ƙa'idojin da ƙungiyar W3C mai tsara harkar shafukan intanet ta fitar a watan Mayu na 1999.

Ƙa'idojin nan ba wani sihiri ba ne. Kowane hoto a rubuta masa bayani a ɓoye, wanda na'ura za ta karanta. Kowane maɓalli a sa masa suna. Kada launi kaɗai ya zama alama. Rubutu ya yarda a ƙara masa girma saboda mai raunin gani. Duk abin da ake yi da linzami, a iya yin sa da maɓallai. In aka yi haka tun ana aza harsashi, kuɗinsa kaɗan ne. In sai an gama gini za a fasa ƙofa, nan ne magina ke fara kuka.

Yau kayan aikin sun yi arha. A 2006 Michael Curran, wani matashi makaho a Ostireliya, ya fara manhajar NVDA, abokinsa James Teh wanda shi ma makaho ne ya shigo suka raine ta, suna bayar da ita kyauta. Tun 2009 wayoyin iPhone suke zuwa da VoiceOver, na Android kuma da TalkBack. In aka kunna, makaho yana jan yatsa a kan gilashi, wayar tana faɗa masa sunan duk abin da ya taɓa, in ya ji wanda yake so ya ƙwanƙwasa sau biyu. Wanda ya ƙware yana ƙara wa muryar gudu har mai gani ya kasa tsintar kalma ɗaya.

To amma a Droum akwai katanga biyu. Ta farko harshe. Wayar tana magana da Faransanci ko Ingilishi, kuma in aka ba ta rubutun Hausa sai ta tauna shi da lafazin Turawa. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, kan zame mata tuntuɓe, ba ta kuma san hawa da saukar murya da ke raba "gari" na zama da "gari" na tuwo ba. An fara tara muryoyin Hausa a ayyuka irin su Common Voice na Mozilla, amma har yanzu murya mai daɗin ji ba ta zama ruwan dare a wayar talaka ba. Katanga ta biyu ita ce tsohon kuskuren nan na 1993 da ake maimaitawa: manhaja mai maɓallai marasa suna, sanarwar hukuma da aka ɗauka a hoto aka watsa a WhatsApp, sakamakon jarrabawa da aka liƙa a shafi kamar yadda ake liƙa shi a bango. Ga na'ura mai karatu, hoton takarda da baƙin allo duk ɗaya ne.

Doka kuwa akwai ta. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, kuma sashe na 9 na yarjejeniyar ya ambaci intanet ƙarara cikin abubuwan da dole a sauƙaƙa. Akwai ƙungiyar makafi ta ƙasa, akwai makarantar makafi ta Soly Abdourahamane a Yamai, wadda ta yaye mutanen da za su iya gwada kowace manhaja su faɗi inda take tuntuɓe. Ga Jami'ar André Salifou a Damagaram da ɗalibanta, ga gidajen rediyo da ke cike da masu zaƙin murya.

Abin da ya kamata masu yanke shawara su lura da shi, wannan aiki ribarsa ta wuce makafi. A ƙasar da manya masu iya karatun boko ba su kai rabi ba, wayar da za ta ce da Hausa "an turo maka jika goma, danna 1 ka cira" za ta yi wa manomin gero da mai sayar da ƙuli-ƙuli amfani daidai da alaramma makaho. Shi ya sa saƙon murya ya karɓu a ƙauyukanmu fiye da na rubutu. Mu mutanen kunne ne tun fil azal.

Amurka da Ostireliya sai da suka gina sannan suka je kotu suka fasa. Mu kuwa yanzu ake kwaɓa ƙasar ginin, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya sa ɗan tsini a kan lamba 5 bai kashe wani abin kirki ba, tunawa kawai ya yi cewa akwai mai danna waya ba da ido ba. Irin wannan tunawar ce dattijon Droum yake jira, domin ranar da ɗansa ya sake turo kuɗi, ya ji adadinsu da kunnensa, lambar sirrinsa kuma ta zauna tsakaninsa da Ubangijinsa.