Ƙirar maƙera ko ta kamfani: Wace bindiga ce ta dace da maharbin arewacin Kano?

Daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, Ɗambatta da Makoɗa, da wuya mutum ya yi tafiyar minti goma a ƙafa bai ci karo da gida ko gonar wani ba. Dajin da kakanni suka yi farauta a ciki ya daɗe da zama gonakin gero da dawa da gyaɗa. Abin da ya rage wa maharbi a nan bai wuce zomo da gafiya da fakara ba. Mai neman babban nama sai ya jira rani ya bi ayarin mafarauta, wasu har Kudu.

Duk da haka, gardama ɗaya ba ta mutu ba a majalisar maharba: bindigar da maƙeri ya ƙera maka, ko wadda ta fito daga kamfani?

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari (1731 zuwa 1743) aka fara kawo ta daga Nupe, kuma Babba Zaki (1768 zuwa 1776) ne ya fara ajiye masu gadi ɗauke da ita. Jikanyar waccan ce bindigar toka, wadda ake ɗurawa ta baki, a yi harbi ɗaya a sake ɗuri. Ba banza ba ake mata laƙabi da harba-ka-ruga.

Masu son ta suna da hujja. Maƙeri zai sassaƙa ƙotar daidai da kafaɗarka da tsawon hannunka, ba ta da tsada, kuma idan kunamar ta lalace, mai gyaran yana kasuwar ƙauyenku.

Matsalar tana cikin bututun. Da yawa ana yin su ne da ƙarfen da ba don wuta aka yi shi ba, babu kuma wanda ya gwada iya ƙarfin da zai ɗauka. Idan ya fashe, yatsun mai harbin da idonsa ne a kusa. Ga albarushi da ido ake auna shi, don haka harbin safe daban, na yamma daban. A ƙungurmin daji, kuskure asarar nama ce kawai. A Minjibir ko Ungogo kuwa, bayan karan dawar da fakara ta shige ana iya samun yaro mai kiwon awaki. A nan ba nisan harbi ake buƙata ba, sanin inda harbin zai sauka ake buƙata.

Ta nan bindigar kamfani, mai baki ɗaya ko biyu, ta sha gaba. Awon harsashinta ɗaya ne kullum. Ƙirar Ingila ma ba a sayar da ita sai an gwada bututun da wutar da ta fi ta kullum ƙarfi an buga masa hatimi. Gidan gwajin da ke Birmingham tun 1813 yake wannan aiki.

Sai dai waɗanda ke hannun mutanen karkara galibi tsofaffi ne, na gado, mahaɗarsu ta saki. Dole a koma wurin maƙeri ya ɗaure. Wannan ce hanya ta uku: ƙarfen kamfani, hannun gwani. Ko a Amurka, masu gasar harbin nesa suna irin wannan gardama, tsakanin mai sayen Remington 700, wadda ta fito a 1962, ya kai wa gwani ya daidaita masa sassanta, da mai biyan kuɗi da yawa a ƙera masa tasa tun daga tushe. A ganina, tsohuwar ta kamfani da ta samu gyaran kirki ta fi sabuwar maƙera aminci, muddin gyaran bai kai ga yi wa bututun walda ba.

Kowacce mutum ya zaɓa, akwai doka. Dokar makamai ta 1959 ta ce bindigar da ake ɗurawa ta baki sai da lasisin Kwamishinan ƴan sandan jiha, ta farauta ƙirar kamfani kuwa sai da na Sufeto Janar. Shi ma maƙerin sai da izini. A 2023 rundunar ƴan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi, matakin da ya ƙara toshe ƙofar mallakar ta kamfani ta halaltacciyar hanya.

Ayarin rani ma yanzu sai da lissafi. A watan Maris na 2025, a Uromi ta Jihar Edo, an kashe matafiya 16, akasarinsu mafarauta daga ƙaramar hukumar Bunkure da ke hanyar komawa gida yin Sallah, bayan ƴan sintiri sun ga bindigogin toka a motar da suke ciki.