Dawar da Ke Cikin Kwalbar Malta

Ranar ɗaurin aure a Tudun Wada, da zarar an shigo da kiret ɗin Maltina mai sanyi, sai yara su ture jarkar kunun zaƙi gefe. A wurinsu na kwalba shi ne na waje, na jarka kuwa na gida. Abin yana damuna, don ba su san zangarniyar dawa na da hannu a duka biyun ba.

Daga wajen masu giya labarin ya faro. A ƙasar Jamus, dokar Bavariya ta 1516 ta ce ban da ruwa da sha'ir da wani fure mai ɗaci da ake kira hops, kada a sa komai a giya. Amurkawa kuwa masara da shinkafa sun wadace su, sai suka riƙa surkawa. Har yau da shinkafa ake haɗa Budweiser, shi ya sa ake cewa ba ta kai ta Turai kauri ba.

Mu nan ba mu cika noman sha'ir ba, don haka kamfanoni irin su Nigerian Breweries, da ya buɗe masana'antarsa ta Kaduna a 1963, tsirarren sha'ir suke sayowa daga Turai. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da shi. Dole ƙanwar na ƙi, suka koma ga dawa, ciki har da gajeriyar kaura SK5912 da masu binciken noma suka fitar nan Samaru.

Iyayenmu mata sun riga su sanin dabarar. Na tashi na ga Inna tana jiƙa dawa, ta baza a kan buhu mai laima, ta rufe, tana yayyafa ruwa har kwana uku, sai fararen saiwoyi su leƙo kamar zare. Tsiron nan ne ke tayar da sinadaran da ke narkar da sitaci ya koma sukari. Ludayi guda na niƙaƙƙen tsiro a cikin damammiyar gasara mai kauri, kana kallo za ta tsinke ta yi zaƙi. In aka bar yis ya cinye sukarin, burkutu ke nan ko giya, wadda addini ya haramta mana. Malta kuwa dafawa ake yi a rufe a kwalba, ba a barinta ta yi tsami.

Wanda nake tausaya wa shi ne manomi. Da kaka ya kai buhunsa kasuwar Giwa, dillali ya saye da arha, tirela ta kwashe zuwa kamfani. Ranar sunan jikansa sai ya ci bashi ya sayo kiret biyu, don kada baƙi su ce an ba su kunu.