Dalilin da ya sa kwas ɗin jami'a na intanet ya fi ƙarfin malami shi kaɗai

A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa an garƙame ɗakunan lacca a kusan ko'ina a duniya. Cikin 'yan makonni malaman jami'a suka koma intanet. Wasu suka loda takardun laccarsu ga ɗalibai, wasu kuma suka kunna Zoom suka shafe awa biyu suna magana kamar yadda suka saba a aji.

Ba a jima ba matsala ta bayyana. A aji malami na ganin fuskokin ɗalibai, ya gane wanda ya ruɗe, ya maimaita bayani. A intanet kuwa ɗalibin da bai fahimta ba yakan yi shiru, daga nan ya daina shiga, kuma babu wanda zai lura sai ranar jarrabawa.

Shi ya sa masana suka bambanta koyarwar gaggawa irin ta lokacin korona da kwas ɗin da tun asali aka gina shi domin intanet, wanda shirya shi kan ci watanni.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Tun kafin zuwan intanet wata jami'a a Birtaniya ta gano bakin zaren. An kafa Open University a 1969, ta kuma fara koyarwa a Janairun 1971 da ɗalibai kusan 25,000, ta hanyar littattafan da ake aika musu a gidan waya da shirye-shiryen rediyo da talabijin na BBC.

Jami'ar ba ta bar wa malami ɗaya rubuta kwas ba. Takan haɗa tawaga ce: malaman fannin, da editoci, da masu shirya bidiyo, da ƙwararru kan dabarun koyarwa. Kowa zai karanta daftarin ɗan'uwansa ya yi gyara kafin ya kai hannun ɗalibi. Bayan haka sai a haɗa kowane rukunin ɗalibai da malami mai jagora, wanda zai riƙa duba jingarsu yana rubuta musu bayani.

A yau jami'o'i da dama na da ma'aikatan da ake kira masu tsara koyarwa. Farfesa ya san fanninsa, su kuma sun san yadda mutum ke koyo idan yana zaune shi kaɗai da waya ko kwamfuta.

Daga ƙarshe ake farawa

Tambayar farko da mai tsara koyarwa ke yi wa malami ita ce: me ake so ɗalibi ya iya yi idan ya kammala? Daga nan a tsara jinga da jarrabawar da za su tabbatar ya iya, sannan a zaɓi abin da zai karanta ko ya kalla. Malaman Amurka biyu, Grant Wiggins da Jay McTighe, su ne suka yayata wannan tsari a littafinsu na 1998.

Sai a rarraba kwas ɗin mako-mako. Laccar awa biyu takan koma gajerun bidiyo, kowanne da 'yan tambayoyi a bayansa. Wani bincike da Philip Guo da abokan aikinsa suka yi a 2014 kan bidiyon dandalin edX ya nuna hankalin masu kallo kan fara gushewa da zarar bidiyo ya wuce minti shida.

Akwai kuma ƙananan abubuwan da malami mai yawan aiki kan manta: rubutu a ƙasan bidiyo domin kurame, takardun da manhajar karanta wa makafi za ta iya bi, da ranar miƙa jinga a fili. Galibi ana jera duk wannan a manhaja irin Moodle, wadda Martin Dougiamas ɗan Ostireliya ya fitar a 2002, kuma kyauta ce.

Kayan karatu kaɗai ba sa riƙe ɗalibi

A 2019 mujallar Science ta wallafa nazari kan kwasa-kwasan kyauta na jami'o'in Harvard da MIT a edX. A shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018, kimanin kashi 3 cikin 100 na waɗanda suka shiga ne suka kammala. Da yawansu leƙe kawai suka yi, amma duk da haka alƙaluman sun nuna cewa bidiyon shahararren farfesa ba ya maye gurbin mutumin da zai amsa tambaya, ya kuma nemi ɗalibi idan ya ɓace.

Darasi ga Najeriya

Najeriya ba baƙuwar wannan tsari ba ce. Gwamnatin Shehu Shagari ta kafa jami'ar karatu daga gida a 1983, sojoji suka dakatar da ita a 1984, sai gwamnatin Obasanjo ta farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000 da sunan NOUN. Tana rarraba kwasa-kwasanta kashi-kashi, tana da cibiyoyin karatu a jihohi. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ma tana da cibiyar karatu daga nesa.

Buƙatar a bayyane take, domin duk shekara fiye da mutum miliyan ɗaya ke zana jarrabawar JAMB, kuma guraben da ke akwai ba sa isar su.

Sai dai mai tsara kwas a nan dole ya tuna da wanda yake yi wa aiki: ma'aikacin da ke karatu bayan sallar isha'i, ko matar aure mai goyo, da ƙaramar waya, ga tsadar data, ga ɗauke wuta. Irin wannan ɗalibi ya fi amfana da muryar da aka naɗa da takarda marar nauyi da zai sauke sau ɗaya, fiye da laccar kai-tsaye da ke yankewa idan sabis ya yi rauni.

Jami'ar da ta sayi kwamfutoci ta buɗe shafi, amma ba ta horas da malamanta ba, ba ta ɗauki masu tsara koyarwa ba, ba ta kuma rage wa malami wasu ayyuka domin ya gina kwas ba, za ta iya tara ɗalibai da yawa a ranar rajista. Abin dubawa shi ne nawa ne daga cikinsu za su kai ranar yaye su.