Kashi na 23: Kunun gero da madara a tukunyar lantarki, me ya sa yake kamawa, me ya sa yake zuba?

Ga rubutun shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta isa su saurari muryar ba.

Wata 'yar'uwa ce ta turo mana saƙo daga Batsari. Asalinsu 'yan wani ƙauye ne a ƙasar Safana, ta wajen Runka, rashin tsaro ya sa suka dawo cikin gari. Ta ce a cikin kayan ɗakinta akwai tukunyar lantarki, irin mai maɓallai da yawa ɗin nan, mai dafa shinkafa da wake da miya. Sau biyu tana gwada kunun gero da madara a ciki. Na farko ya yi kumfa ya zubo har kan wayar wuta. Na biyu ya kama a ƙasa, tukunyar ta kashe kanta, geron kuma ɗanye. Ta ce, "Yaya, gero ya yi tsada, madara ta yi tsada, ba zan iya ta uku ba sai na san abin da nake yi."

Wallahi ta yi gaskiya. Kuma wanda bai san yankin ba zai ce to ki koma murhu mana. Dajin Rugu, wanda ya ratsa Batsari da Safana, nan ne mutanen ƙauyukan suka saba samun itace tun kaka da kakanni. Yau shiga dajin nan neman itace kasada ce ta rai. Gawayi sai da kuɗi, gas kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 komai ya bi sahu ya hau. Don haka duk sa'ar da aka kawo wuta, mai tukunyar lantarki tana da dalilin da za ta so ta ci moriyarta.

Mu fara da geron kansa.

Yawancin bidiyon da kuke gani a YouTube na irin wannan girki, daga Rasha ko ƙasashen Turai suke. Geronsu wani iri ne daban, ƙanana, ruwan ɗorawa, an riga an cire masa ɓawo a masana'anta, yana nuna da wuri. Namu na Hausa ƙwayarsa ta fi girma, ta fi tauri. Idan kin bi lokacinsu da awonsu, naki zai fito da ɗanyen ciki. Ba laifinki ba ne, kuma ba laifin tukunya ba.

Geron nan namu ɗan gida ne. Masu binciken tarihi sun samo alamun nomansa a arewacin Mali tun kimanin shekara 4,500 da suka wuce, daga nan Afirka ya tafi har Indiya. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa. Yana da sinadarin ƙarfe mai taimaka wa jini, amma yana ɗauke da wani sinadari da ke hana jiki zuƙe ƙarfen yadda ya kamata. Jiƙo da tsimawa suna rage wannan sinadarin. Kun ga ashe iyayenmu da ke jiƙa gero ya kwana kafin a kai niƙa, da dalilinsu.

Saboda haka aikin farko ba na lantarki ba ne. A surfa gero, a bushe dusar, a wanke, a rege tsakuwa. Tsakuwa ɗaya tak tana iya karce cikin tukunyar, kuma inda ya karce nan abinci zai riƙa kamawa kullum. Sai a ɓarza shi ya zama tsaki, ko a jiƙa shi ya kwana. Kar a ɓarza da yawa a ajiye: gero yana da mai a jikinsa, garinsa ko tsakinsa kwana kaɗan yake yi ya fara ɗaci da warin tsufa.

To, me ya sa madara take zuba?

Idan madara ta yi zafi, wata 'yar fata tana taruwa a samanta. Tururi na son fita, fatar ta tare shi, sai ya ɗago ta gaba ɗaya. Ga kuma geron yana sakin kaurinsa cikin ruwa, yana ƙara kumfa. A kan murhu idonki na kai, kina gani za ki janye itace ko ki juya da ludayi. A tukunyar lantarki murfi a rufe yake, sai dai ki ji ƙauri.

Me ya sa kuma take kamawa har ta kashe kanta?

Wutar tukunyar daga ƙasa take. A ƙasan akwai wani ɗan ma'auni mai jin zafi. Matuƙar akwai ruwa a gindin tukunya, zafin ba ya wuce digiri 100 sosai. Da zarar ruwa ya ƙare, zafi ya haura, sai ma'aunin ya ce an gama, ya rage wuta. Madara kuwa tana saurin lafewa a ƙasa ta yi ƙanzo. Ƙanzon nan sai ya raba gindin tukunya da ruwan, ƙasa ta yi zafi fiye da kima, tukunya ta zaci girki ya nuna. Shi ke nan, ta mutu, gero ɗanye, madara ta ƙone.

Maganin duka biyun guda ne: a dafa gero da ruwa zalla, madara ta zo a ƙarshe.

Ga yadda nake yi.

Kofi 1 na tsakin gero wankakke, kofi 4 na ruwa, ɗan gishiri kaɗan, da dakakkiyar citta da kanumfari. Mai son masoro ko kimba ya ƙara. Kar kayan su wuce rabin tukunya, saboda kumfa na buƙatar wurin tashi. Ki shafa ɗan man shanu ko man gyaɗa zagaye da bakin tukunyar ta ciki, yana karya kumfa. Sai ki danna maɓallin da aka rubuta Porridge. Minti 30 zuwa 40 yakan isa, gwargwadon girman tsakin. Idan tukunyarki mai maɓalli ɗaya ce ta shinkafa, ki ɗan karkace murfin, ki riƙa juyawa bayan kowane minti 10 da cokalin katako ko na roba, ban da na ƙarfe.

Ki murza tsakin tsakanin yatsu biyu. In ya narke, ya nuna. Yanzu ki mayar da tukunya kan Keep Warm, wato inda take riƙe ɗumi kawai, ki zuba madara kamar kofi 2 kina juyawa. Idan ta gari ce, ki dama ta da ruwan ɗumi tukuna don kar ta yi gudaji. Ki rufe minti 5, sai sukari ko zuma ko dabino. Kunun zai ƙara kauri in ya huce, don haka kar ki ji tsoro in kin gan shi da ɗan ruwa-ruwa.

Mai son kunu mai santsi irin na gasara, hanyarta ta fi sauƙi. Ki tafasa ruwa a tukunyar, ki buɗe murfi, ki zuba damammen ƙullu kina juyawa ba tsayawa har ya yi kauri, ki kashe, sannan madara.

Abubuwa huɗu da ba a wasa da su.

Na ɗaya, idan tukunyarki mai kulle tururi ce, wadda murfinta ke datsewa, kar ki taɓa sa madara a ciki ki kulle. Gero da ruwa kawai, kuma in ta gama ki bar ta ta sauke tururin da kanta. Idan kin buɗe mafitar da gaggawa, tafasasshen kunu ne zai feso, yana iya ƙona fuska, ga yara suna zagaye.

Na biyu, tsami da madara ba sa haɗuwa a kan wuta. Ruwan tsamiya, ko ƙullun da ya kwana ya yi tsami irin na koko, suna sa madara ta tsinke ta yi ɓaraɓara. In nono ko kindirmo kike so, ki bar kunun ya huce sannan ki zuba, kamar dai yadda ake yi da hura, in ji mu Katsinawa.

Na uku, madarar shanu da aka tatso yanzu, a tafasa ta daban kafin a zuba. Ɗanyar madara tana iya ɗauke da cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum, har da tarin fuka. Ko da kin san mai shanun, ki tafasa.

Na huɗu, jarirai. Wata shida na farko nonon uwa zalla. Bayan nan ana iya fara ba su kunu mai ɗan kauri, a ƙara masa garin gyaɗa ko waken soya, domin kunu tsararo cika ciki yake yi ba tare da gina jiki ba. Zuma kuwa sai yaro ya cika shekara ɗaya.

Saura maganar wuta, wadda ita ce ciwon kanmu. Ki duba ƙasan tukunyar ko kwalinta, za ki ga an rubuta ƙarfinta. Yawanci tsakanin wat 700 ne zuwa 1000. Mai wat 1000 idan ta yi rabin awa tana ja ba tsayawa, rabin yunit ke nan a mita. Amma ƙaramin janareton gida ba zai ɗauke ta ba, haka ƙaramar sola ta fitila da cajin waya. A tambayi mai haɗa solar kafin a jona, kar a ƙone inbata saboda kunu.

In kuma aka ɗauke wuta ana tsaka da dahuwa, kar ki buɗe murfin. Ki cire wayar daga bango, ki lulluɓe tukunyar da bargo ko tsohon zane mai kauri. Jiƙaƙƙen tsakin da ya riga ya tafasa yakan ƙarasa nuna da zafin da ke ciki. Nan ma dafawa da ruwa zalla ta yi rana, don da madara ce a ciki, tana iya lalacewa kafin wuta ta dawo. Kunun da aka sa wa madara kuma a shanye shi da ɗuminsa, kar ya wuni a buɗe cikin zafin nan namu.

'Yar'uwa ta Batsari, ki gwada da rabin kofi tukuna, ki ga halin tukunyarki, sannan ki ƙara. In ya yi, ki turo mana hoto. Wadda take da wata dabara, musamman 'yan Safana, Dutsin-Ma da Kurfi, ta rubuto a ƙasa mu ƙaru.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Batsari da Safana da duk inda ake cikin tsoro, Ya mayar da manoma gonakinsu. Mako mai zuwa, in sha Allahu, za mu taɓa dafa wake a tukunyar nan ba tare da kanwa ba. Sai mun haɗu.