Kamun Kifi da Fatsa a Abuja: Kowane Lokaci da Halinsa

A ƙasar Hausa su sana'a ce ta gado, mai sarautarta da dokokinta, shi ya sa mutane da yawa ke mamakin a ce ma'aikaci ya ɗauki fatsa ranar Asabar ya tafi bakin ruwa don nishaɗi kawai. Amma a Abuja wurin yin hakan bai yi nisa ba. Ga Tafkin Jabi a tsakiyar gari, ga kuma madatsar ruwa ta Usuma da ke kusa da Ushafa a yankin Bwari. Sai dai ita Usuma daga cikinta birnin ke shan ruwa, saboda haka ba a shigarta sai da izinin hukumar da ke kula da ita.

Abin da sabon shiga bai cika sani ba shi ne kifi da yanayi yake tafiya. A Disamba da Janairu, lokacin hunturu, ruwa kan yi sanyi da safe, kifi kuma jikinsa ba ya ɗumama kansa, sai cin abincinsa ya ragu. Karfasa ta fi nuna wannan hali. Wanda ya yi sammako a wannan lokaci sanyi kawai zai sha. Gara ya bari rana ta ɗaga, ya nemi gefen da haskenta ke bugawa.

Da bazara, wajen Maris, lamarin ya juya. Ruwa ya ja baya, kifi ya taru a wurare masu zurfi, da tsakar rana kuma ya lafe. Sassafe da bayan la'asar su ne lokacin jefa ƙugiya. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai, amma tarwaɗa ba ta damu ba, domin Allah ya yi mata wata gaɓa a ka da take shaƙar iskar sarari da ita. Tana ko hanjin kaza a ƙugiya sun ishe ta.

Damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, ita ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta. Ruwan farko yana koro ƙwari da tsutsotsi cikin tafki, kifi ya taso gefe yana ci, kamu ya yi daɗi. To amma a daidai wannan lokaci ne tarwaɗa ke shiga ciyayin da ruwa ya rufe don zuba ƙwai. Karfasa kuwa uwar ce ke ɗauke da ƙwanta a cikin baki har su ƙyanƙyashe. Duk wanda ya kama irin wannan uwa ya kai ta tukunya, ɗaruruwan kifin baɗi ya cinye a kwano guda. A ganina mai kamun nishaɗi ba shi da hujjar riƙe ta, tunda ba da ita zai ciyar da iyali ba. In miya yake so, kasuwar kifi ta Kado tana nan. Magabata sun san wannan tuni. Albarkar da ake gani a bikin Argungu, wanda aka fara a 1934, ta samo asali ne daga hana kamun kifi a kogin Matan Fada har sai ranar biki.

Damina na da haɗarinta kuma. Gaɓa kan yi santsi, ruwa kan ƙaru ba zato, sandar fatsa doguwa kuma ba abin riƙewa ba ce idan ana walƙiya. Tsayawa cikin ruwan da ba ya gudu na iya jawo tsargiya, musamman ga yara. Zuba guba ko jefa nakiya don kashe kifi laifi ne a dokar kamun kifi ta 1992.

Idan za ka je, fara gaida masuntan da ke wurin ka tambaye su inda suka kafa komarsu, kada ƙugiyarka ta yaga musu kayan sana'a. Ka saki ƙanana da masu ƙwai, ka kuma kwashe ledarka da guntayen zarenka kafin ka bar bakin ruwa.